Ragar Fuskata da Bakancen Paati

Masu turo saƙo suna tambaya ko na fara shiga injin asibitin, na ga saƙonninku duka, ku yi mini afuwa. Shirun da na yi ba ciwo ba ne. Rigima ce ta tashi a gidanmu a kan gashin kaina, kuma ba ta kwanta ba sai da ta kai mu har kan dutsen Tiruttani, inda haikalin Murugan, abin bautar gidanmu, yake.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Kayalvizhi, a gida Kayal. Shekarata ashirin da shida, ina koyar da 'yan aji huɗu a nan Chennai. Wata uku ke nan da aka ciro mini ƙari daga ƙasan ƙwaƙwalwa. Ta hanci aka bi, ko silin gashi ba a taɓa ba. Sai dai likita ya bar wani guntu kamar ƙwayar gyaɗa, don ya manne da jijiyar idona na hagu, ya ce wuƙa ba za ta je wurin ba. Wannan guntun ne za a kashe da hasken furoton, zama ashirin da takwas. Idon kuwa tuni ya fara yi mini wasa. In na rufe na dama, sai in ga allon ajinmu kamar an goge rabinsa.

Kwana goma kafin a fara, aka yi mini raga. Wata roba ce mai huji-huji da ake tsomawa a ruwan ɗumi, a shimfiɗa maka a fuska, ta sandare daidai da hancinka da haɓarka, sannan kullum a maƙale ta da gadon injin don kada kai ya motsa. Wadda ta yi mini sunanta Jesintha, gajeriyar mace mai muryar shugabar makaranta. Ita ta kwance mini kitso, ta baza sumar yadda take so, ta ɗauki hoto ta gaba da ta baya.

"Daga yau har ki gama, yadda kika zo haka za ki riƙa zuwa," in ji ta. "Kar ki rame, kar ki yi ƙiba, kar ki taɓa gashin nan. Ba aski, ba sabon kitso, ba fure."

"Har gashi, Sista?"

"Musamman naki. Wannan sumar ai matashin kai ce. Kika aske ta, kanki zai yi lilo a cikin ragar, hasken nan kuwa da milimita yake aiki. Sai mu sake raga, mu sake hoto, likitoci su sake lissafi. Kwana goma ke nan. Gurbinki na ƙarfe tara kuma mu ba wani, ki koma layi."

Na ce to. A raina har dariya na yi, don wa zai taɓa mini suma? Sumar da tun ina shekara biyar kakata ke shafe ta da man kwakwa duk Asabar, tana zagin duk wanda ya kawo almakashi kusa.

Ashe ita ɗin ce.

Ranar Juma'a da safe, saura kwana uku a fara, muna zaune a tsakar gida. Amma, wato mahaifiyata Selvi, tana sauke idli, wainar shinkafarmu ta turiri, daga tukunya, Appa, mahaifina Thangavel, yana bayan jaridarsa, ni ina hura kofi. Paati, wato kakata ta wajen uba, ta fito daga ɗakin addu'arta da wani ɗan ƙyalle rawaya a ƙulle, ta ajiye shi kusa da farantina.

"Ranar da suka shiga da ke ɗakin aiki na ƙulla wannan," ta ce. "Na ce wa Murugan, in ka dawo mini da ita tana numfashi, zan kawo maka ita da sumarta duka kafin watanmu na Thai ya cika. Jibi Lahadi yake cika. Thangavel, ka nemo mana mota."

Kofi ya sarƙe ni. Appa ya ƙara ɗaga jarida har ta rufe masa goshi.

"Wata uku kina riƙe da wannan magana ba ki faɗa ba?" in ji Amma.

"Da na faɗa da wuri, Selvi, da tuni kin samo hanyar zamewa. Na san ki."

Na yi mata bayanin raga, na nuna mata hoton da Jesintha ta ɗauka, na faɗa mata maganar kwana goma da maganar ido. Ta saurara har ƙarshe tana gyaɗa kai, irin gyaɗawar da take yi wa mai tallar alayyahu in ya faɗi farashin farko.

"Injin da ya iya gano abu a tsakiyar kai, gashi ne zai ruɗa shi?"

Amma ta ce a yanke ƙarshen sumar sau uku kamar yadda mata da yawa ke yi. Paati ta ce ba haka ta faɗa masa ba, duka ta ce. Appa ya leƙo daga bayan jarida ya ce shi ya yarda a aske nasa a madadina.

"Kai me za ka kai? Naka ai ya karɓa tun kana shekara talatin," in ji Paati.

"To a aske nawa," in ji Amma, kuma na san da gaske take.

Paati ta dube ta sama da ƙasa. "Baƙar suma na ce masa, ba ta kwalba ba."

Jama'a, shekara shida Amma tana shafa baƙi a banɗaki da ƙofa a kulle, tana ganin ba wanda ya sani. Ta ajiye cokali ta shige kicin, muka ji tukwane suna amsa laifin da ba nasu ba. Paati ko a jikinta. Ta ce nata fari ne fat, ba ya cikin lissafi, kuma ko da musanya za a yi, sai baƙar suma cikakkiya daga cikin gidan nan. Ta waiga hagu da dama ta ce, akwai?

Na shige ɗaki na ɗauki waya.

Saurayina Ilamaran, wanda nake kira Maran, direban jirgin ƙasa ne na cikin gari. Shekara biyu ke nan da na mance jakar takardun jarrabawar ɗalibaina a jirginsa, ya kawo mini har makaranta, kuma tun daga ranar bai rasa dalilin wucewa ta layinmu ba. A gidanmu dai matsayinsa bai wuce kujerar baƙi ba. Appa ya ce ba maganar aure sai na gama magani. Amma ta ce ba adalci ba ne a ɗaure ɗan mutane da mara lafiya. Paati kuwa ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan jirgi take ce masa, ta ce mijin kirki ta ƙofar gida ake kawo shi, ba a tsinto shi a tasha ba.

Na rubuta masa: "Paati za ta aske ni jibi."

"Kin sha maganinki kuwa?"

"Da gaske nake. Bakance ta yi."

Na zayyana masa komai, har da maganar kwalba. Ya turo fuskar dariya guda bakwai, sannan ya goge su, ya rubuta: "Yi haƙuri. Idon fa?"

"Yana nan yadda yake. Maran, tsoro nake ji."

"Gobe ina tashi aiki zan zo. Ki ce wa Amma kar ta cika mini kofi har baki, in na ga Paati hannuna rawa yake yi."

Ya zo ranar Asabar da yamma da kakinsa na aiki, ya zauna a bakin kujera kamar mai jiran sakamako. Ya ɗauki kofuna uku na ƙarfe ya jera a tebur.

"Paati, kin ga wannan tasha ce. Hasken da aka saba da shi kamar jirgi ne mai wucewa, ya shiga ta nan ya fita ta can, duk abin da ke hanya ya taɓa shi. Wannan na Kayal kuwa kamar nawa ne. Akwai layi rawaya a ƙasa, a kansa nake tsayawa. In na gota da taku ɗaya ƙofa ba za ta buɗe ba. To su ma sun auna inda zai tsaya, da sumar a kanta suka auna. Taku ɗaya gaba, jijiyar ido ce."

Paati ta dubi kofunan, ta dube shi.

"Ka gama?"

"Na gama, Paati."

"Jirginka bai yi bakance ba. Ni na yi."

Zan gaya muku gaskiya, ban iya jin haushinta ba. Na so in ji, na kasa. Tun ranar Juma'a ba ta ci abin kirki ba. Ni ban yarda Murugan yana zaune yana ƙirga gashi ba. Amma na san tsohuwar nan. In wata ya cika ba ta sauke abin da ta ɗauka ba, duk ciwon kan da zan yi nan gaba, ko na mura ne, kanta za ta ɗora wa har ta koma ga Mahalicci. Ga ido a gefe guda, ga Paati a gefe guda, kuma duka biyun ina son abina.

Amma ce ta ce mu tafi kawai, wataƙila a can wani babba ya lallashe ta ta yarda da yanka ukun.

Lahadi da sassafe muka kama hanya. Na sa sari rawaya na auduga mai jan baki, wanda Paati ta saya mini bara, na ɗaure sumata sako-sako ba ko fure ɗaya, abin da ya sa na ji kamar na fito ba takalmi. Amma ta cika kwanuka da shinkafar tsamiya da ta kindirmo kamar za mu yi mako. Awa biyu a mota ba wanda ya yi magana sai direba, shi ma da rediyonsa yake yi. Na tura wa Maran saƙo sau uku, shiru. Na ce a raina, lallai, jiya ya ga abin da ya fi ƙarfinsa.

Dutsen ya cika maƙil. Masu ganga, masu ɗauke da tulunan madara a ka, jarirai sababbin aski suna tsala ihu. Rumfar askin tana gefe, doguwa, ƙasanta jiƙe, wanzamai a jere a zaune, kowa da bokitinsa. A bakin ƙofa ake karɓar 'yar takarda da rabin reza naɗe a ciki. Paati ba ta jira wani babba ba. Ta kutsa da gwiwar hannu, ta karɓo, ta danƙa mini a tafin hannu ta rufe yatsuna a kai.

"Mu je, 'yar nan. Minti biyar ne."

Ban taɓa ce wa Paati a'a ba. Ko lokacin da ta ce in bar rawa in kama karatun koyarwa, to na ce.

"Paati, ba zan iya ba. Gobe ƙarfe tara zan shiga ragar nan da sumata. In na gama, ranar da kika zaɓa zan zo a aske har gira in kina so. Amma ba yau ba."

Na ɗauka za ta yi faɗa. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ta nemi gefen dakali ta zauna, ta fito da ƙyallen nan rawaya tana murza shi, hawaye na bin kumatunta ba sauti. Appa ya tsaya yana kallon sama. Amma ta kama hannuna ta matse har ya yi zafi.

A nan ne wani ya ce, "Gafara dai," ya ratso ta tsakaninmu.

Maran ne, da farin zane ɗaure a ƙugu, ba riga, ƙafa ba takalmi, ga tasa 'yar takardar a hannu. Jirgin farko ya hau, ya taka matakala ɗari uku da sittin da biyar, yana ta haki. Ku kuma ba ku san Maran da sumarsa ba. Mutumin da ke yawo da mataji a aljihun gaba kamar biro. Mutumin da in ya tsayar da jirgi, madubin da aka sa don ya duba fasinjoji, kansa yake fara dubawa a ciki. Ko kallona bai yi ba. Ya durƙusa a gaban Paati ya sunkuyar da kai.

"Baƙa ce, Paati. Cikakkiya ce. Kuma ba ta kwalba ba."

Amma ta yi wani ƙaramin sauti a maƙogwaro.

Paati ta share ido da bakin sari. "Daga cikin gida na ce."

"Na ji. Wannan kuma ba a hannuna yake ba, a hannunki yake."

Wani wanzami ya dakatar da rezarsa a tsakiyar kan wani bawan Allah yana kallonmu. Paati ta miƙa hannu ta cusa yatsu cikin sumar Maran, ta ja, ta juya kansa hagu, ta juya dama, ta buɗa tsakiya ta leƙa. Ta ƙara ja da ƙarfi har ya runtse ido.

"Man me kake shafawa?"

"Na kwakwa."

"Hm."

Ta juyo ta buɗe yatsuna, ta zare takardar da ta danƙa mini, ta karɓe tasa ta miƙa wa Appa kamar shara.

"Da wannan za a yi," ta ce, tana sa tawa a hannunsa. "Ita ce ta gidanmu."

Minti biyar ɗin da ta faɗa, haka ya ɗauka. Wanzamin ya watsa masa ruwa, ya fara daga goshi, sumar na zubowa a kan gwiwoyinsa, shi kuma ya ƙura wa bango ido kamar wanda ake yi wa allura. Da aka gama sai ga kunnuwa. Shekara biyu ina tare da mutumin nan ban san yana da kunnuwa irin waɗannan ba, kamar hannayen tukunya. Na fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, kukan ya koma dariya, har wata mata ta tambayi Amma ko lafiyata ƙalau. Daɗi ne ya yi mini yawa, irin wanda ban ji ba tun ranar da aka nuna mini hoton kaina na farko.

Ya yi wanka ya fito, Paati da kanta ta kwaɓa garin itacen sandal mai ƙamshi ta shafe masa kan tas, tana faɗa masa ya daina motsi kamar ɗan akuya.

Muka bi layi har gaban mai hidimar haikali. Kun san yadda ake yi, sai ya tambayi sunayen mutanen gida da tauraron haihuwar kowa kafin ya yi addu'a. Paati ta jero: Thangavel da nasa, Selvi da nata, Kayalvizhi da nawa. Ta ja numfashi.

"Ilamaran. Tauraronsa Rohini."

Duk muka juyo. Maran ya buɗe baki.

"Paati, ina kika san tauraronsa?" na tambaya da muka fito.

"Kun ɗauka hirar banza nake yi ranar da na tambaye shi ƙarfe nawa aka haife shi? Tun bara na kai wa mai duban taurari. Takwas cikin goma kun dace."

"Tun bara? To me ya sa kike ta..."

"So kike ya ɗauka da arha ya same ki? Selvi, buɗe kwanon nan, yunwa nake ji."

Ta ci shinkafar tsamiya faranti biyu a kan dakali, ta zuba wa Maran da hannunta har sau uku. Appa, wanda ya ce ba maganar aure sai bayan magani, yana ta shafa sanƙonsa yana kallon kan Maran, daga ƙarshe ya ce masa ya riƙa sa hula in zai fita rana, shi ya san abin.

Yau Litinin, tara saura kwata ina kwance a gadon injin. Jesintha ta baza sumata, ta duba hoton da ke hannunta, ta duba kaina, ta sake duba hoton.

"Ba a taɓa ba. Yarinyar kirki."

Ta ɗora ragar, na ji ta zauna a hancina da haɓata daidai wa daida, maƙallan suka shiga ɗaya bayan ɗaya. Suka fita suka rufe ƙofa. Gadon ya ɗan juya, wani abu ya yi ƙara can ciki, ban ji zafi ba, ban ji komai ba, ina ta ƙirga sunayen ɗalibaina a zuci. Ban kai ƙarshen rajistar a zagaye na biyu ba suka dawo. Ɗaya ta tafi, saura ashirin da bakwai.

Na fito na tarar da Paati a ɗakin jira tana koya wa wata mata daga Assam yadda ake shafa man kwakwa, ba mai jin yaren wata. Na kunna waya, saƙonnin Maran shida.

"Ya aka yi? Ta zauna daidai?"

"Kayal, akwai magana."

"Mahaifiyata ta kira ta bidiyo daga garinmu Tirunelveli. Na manta ban sa hula ba."

"Ta ce wa ya mutu, ta ɗauka askin makoki na yi."

"Na gaya mata komai. Har ƙarin. Ba ta san da shi ba, ban taɓa faɗa mata ba, ki yafe mini."

"Ta kashe waya. Yanzu yayata ta ce ta sayi tikitin jirgin yamma. Ba adireshin gidanku ta tambaya ba, na asibiti ta tambaya, da ƙarfe nawa kike shiga."

Na zauna kusa da Paati na karanta mata duka, har inda mahaifiyarsa ta ce wa ya mutu. Ta saurara tana gyara bakin sarinta, sannan ta ɗora jakarta a kan kujerar da ke gefenta, kamar mai kama wa wani wuri tun yau.

"Ki ce masa ta zo, ga kujera. In da arziki ta zo, na dafa mata kofi da hannuna. In kuma da rigima ta zo, sai ta hau dutse ta karɓo sumar ɗanta a wurin wanda na ba."